Akuyar da Ba Ta Cikin Ƙara

Lokaci-lokaci labarin yakan ɓullo a jarida ko a shirin rediyo na safe: an kama wani matashi a bayan gari yana lalata da akuya, ko tunkiya, ko jaka. Mai karanta labarin yakan sassauta murya, masu sauraro su yi salati, sannan dariya ta biyo baya. Kafin azahar an mayar da zancen abin barkwanci a Facebook, kafin magariba an manta da shi. Ba a cika jin yadda shari'ar ta ƙare ba, balle a ji abin da ya sami dabbar. Kunya ta rufe bakin masu ilimi, dariya ta rufe na sauran jama'a, sai batun ya rage a hannun mutum biyu waɗanda ba su da damar kauda kai, wato ɗan sandan da aka kai wa ƙara da alƙalin da zai yanke hukunci.

Tambayar da ke gaban waɗannan biyun ba ta wasa ba ce. Wa aka yi wa laifi? Jama'ar gari ce da aka keta wa mutunci, ko mai dabbar da aka ɓata wa dukiya, ko kuwa dabbar kanta? Amsar da doka ta zaɓa ita ke nuna wace hujja za a nema, wane hukunci za a yanke, da kuma inda dabbar za ta kwana bayan an tashi daga kotu.

A ɗauki misali, kuma misali ne kawai, ba zargin kowa ba. A ce a Kekun Waje, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, wata dattijuwa ta saki akuyarta kiwo bayan an kawar da amfanin gona. Da yamma yara suka koro ta gida tana ɗingishi, suka ce sun ga abin da wani ya yi mata. A irin wannan gari akuya ba ado ba ce. Jar akuyar nan ta ƙasar Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta ƙetare Sahara shekaru aru-aru har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko, ita ce asusun mace. Da ita ake haɗa kayan ɗakin 'ya, da ita ake sayen magani ran da ciwo ya zo ba shiri. Dattijuwar za ta kai kuka wurin mai unguwa, daga nan zuwa dagaci, wataƙila 'yan Hisba su shigo, wataƙila a dangana da ofishin 'yan sanda. Idan magana ta kai kotu a Bunguɗu ko a Gusau, littafin da alƙali zai buɗe ya danganta da kotun da aka shiga da addinin wanda ake tuhuma.

Littafi na farko shi ne Final Kod, kundin da jihohin Arewa suka gada daga tsohuwar Jihar Arewa, kowace tana yi wa nata kwaskwarima. An zartar da shi a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, jajibirin samun mulkin kai. Gwamnatin Sardauna ce ta kafa kwamitin masana a 1958 ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, kwamitin kuma ya ba da shawarar a yi koyi da kundin Sudan. Shi kuwa na Sudan jikan kundin Indiya ne na 1860, wanda Baturen nan Macaulay ya jagoranci tsara shi. Sashe na 377 na kundin Indiya shi ne ya rikiɗe ya zama sashe na 284 na Final Kod, wanda ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14, da tara, ga duk wanda ya yi saduwar da ta saɓa wa ɗabi'a da namiji, ko mace, ko dabba. A Kudu ma haka abin yake: sashe na 214 na Kiriminal Kod ya yanke shekara 14 ga wanda ya sadu da dabba.

Mai karatu zai iya cewa to ai dabba ta sami gata. Sai dai a duba wani shafi na waɗannan littattafai. Sashe na 495 na Kiriminal Kod, wanda ya yi magana a kan azabtar da dabbobi, wato duka da ɗora kaya fiye da ƙima da hana abinci, hukuncinsa ɗaurin wata shida ne ko tarar naira 50. Naira hamsin, wadda yau ba ta sayen ƙullin dusa. A Final Kod ma sashe na 207 da na 208 sun hana zaluntar dabba da sakaci da ita, amma hukuncin ɗan gajeren ɗauri ne ko tara. Ma'ana, wanda ya karya wa jaki ƙafa da gora ya bar shi cikin rana har ya mutu, laifinsa a idon doka bai kai kashi ɗaya cikin goma na laifin wanda ya yi lalata da shi ba, ko da na biyun bai bar masa ko ƙwarzane ba. Da ciwon dabba ake aunawa, da ba a sami wannan tazara ba. Abin da sashe na 284 yake tsaro shi ne tarbiyyar jama'a kamar yadda Ingila ta zamanin Sarauniya Biktoriya ta fahimce ta. An ambaci dabba a ciki ne a matsayin wurin da aka aikata laifi, kamar yadda ake ambaton gida a shari'ar fasa gida.

Littafi na biyu na Zamfara ne na kanta. Ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, kundin hukunce-hukuncenta kuma ya fara aiki ranar 27 ga Janairu 2000, a kan Musulmi da wanda ya yarda a yi masa shari'a da shi. Kundin ya raba abin da Final Kod ya cure wuri ɗaya. Zina na da sashenta, luwaɗi na da nasa, saduwa da dabba kuma, wadda malamai ke kira waɗ'ul bahima, aka ware ta daban, hukuncinta bulala da ɗaurin 'yan watanni. Wani abin mamaki a nan, wanda masu sukar Shari'a daga nesa ba su cika lura da shi ba, shi ne a wannan laifi dokar da Turawan mulki suka bari ta fi ta Musulunci tsanani nesa ba kusa ba.

Sassaucin ba daga Gusau ya samo asali ba. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san matsayin Malikiyya: babu haddi a kan wannan aiki, ba a kashe mai shi, amma ana ladabtar da shi gwargwadon abin da alƙali ya gani, wato ta'aziri. Akwai hadisin da aka ruwaito ta hanyar Ibn Abbas mai umartar a kashe mutumin a kashe dabbar, sai dai malaman hadisi sun yi saɓani a kan ingancinsa, an kuma ruwaito daga shi Ibn Abbas ɗin cewa babu haddi. Daga nan mazhabobi suka rabu a kan makomar dabbar. Hambaliyya suka ce a kashe ta. Hanafiyya suka so a yanka ta a ƙone, don kada ganinta ya riƙa tayar da zancen. Malikiyya kuwa suka ce ba ta da bambanci da sauran 'yan uwanta, ba a kashe ta saboda wannan, kuma idan irin wadda ake ci ce namanta halal ne. Wannan matsayi ya fi kama da adalci, domin bai ɗora wa wadda aka zalunta kuɗin wanke kunyar azzalumi ba.

Turai ta daɗe kafin ta iso nan. A Attaura, cikin Littafin Firistoci, hukuncin kisa ne ga mutumin da dabbar, kotunan Turai kuma sun yi ƙarnoni suna rataye su tare ko su ƙone su tare. E. P. Evans, a littafinsa na 1906 a kan shari'o'in da aka yi wa dabbobi, ya kawo wata shari'a ta 1750 a garin Vanves kusa da Paris, inda aka yanke wa mutumin kisa amma aka sallami jakar, bayan limamin cocin garin da wasu dattawa sun sa hannu a takarda suna shaidar cewa sun san ta shekara huɗu, kuma mai halin kirki ce. Labarin na ba da dariya, amma a cikinsa akwai abin da shari'a ke jin nauyin faɗa: dabbar tilasta mata aka yi.

Akwai wuri ɗaya da dokar Zamfara ke ganin dabba sarai, shi ne inda ta zama dukiya. Hannun farko da aka yanke bayan dawowar Shari'a, a watan Maris na 2000, na Buba Bello Jangebe ne, kuma a kan satar saniya. A 2022 Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu a dokar da ta tanadi kisa ga 'yan bindiga da masu satar shanu. Babu mai musun cewa satar garke ta rusa gidaje da garuruwa a jihar. Abin lura kawai shi ne a duk waɗannan dokoki mai saniya ake karewa. Ita saniyar, ko a hannun ɓarawo ko a hannun mai ita, yunwarta da ƙishinta ba sa cikin takardar tuhuma.

Abin da ake kira dokar kare dabbobi ya juya tambayar ne gaba ɗaya, kuma Jamus ce misalin da ya fi fito da hanyar fili. A 1969 Jamus ta Yamma ta soke sashen da ya haramta saduwa da dabba, cikin wani gyara da ya cire laifuffukan da aka ga na ɗabi'a ne kawai daga kundin manyan laifuffuka. Daga nan har shekara arba'in da 'yan kai ba a hukunta mutum sai an tabbatar ya jawo wa dabbar azaba mai tsanani. Nan matsalar ta fito. Dabba ba ta ba da shaida, rauni yakan warke kafin likita ya gani, tsoro da firgici kuma ba sa barin tabon da za a nuna wa alƙali. A 2002 ƙasar ta shigar da kare dabbobi cikin tsarin mulkinta, a 2013 kuma ta ƙara wani sashe a dokar kare dabbobi wanda ya hana amfani da dabba don biyan sha'awa, ko horar da ita don haka, ko miƙa ta ga wani, ta yadda za a tilasta mata abin da ba ɗabi'ar jinsinta ba. Tarar na iya kai Yuro 25,000. Wasu mutum biyu suka kai ƙara Kotun Tsarin Mulki suna cewa an tauye musu 'yanci, kotun ta yi watsi da ƙarar a Disamba 2015. Suwidin ta bi sahu a 2014, Denmak a 2015.

Ga wanda ya tashi a Gusau ko Tsafe, wannan tarihi na iya zama abin taɓe baki: mutane sun halatta abin da kowane yaro ya san haramun ne, sannan suka yi shekara arba'in suna neman dalilin sake haramta shi. Akwai gaskiya a cikin taɓe bakin. Hujjar da Turawa suka fi dogara da ita, cewa dabba ba ta iya ba da izini, ba ta da ƙarfin da suke zato, domin dabba ba ta ba da izinin a yanka ta, ko a dandaƙe ta, ko a yi mata barbarar allura a gidan gona, kuma duk doka ta yarda da waɗannan. Amma kewayen da suka yi ya haifar da abin amfani. Da suka rasa madogara ta ɗabi'a, dole ta sa suka dubi dabbar, suka fara tambayar da Final Kod bai taɓa yi ba: likita ya duba ta? Wa zai riƙe ta? Za a bar wannan mutum ya ci gaba da kiwo?

Indiya, wadda daga gare ta sashe na 284 ya fito, ta nuna haɗarin barin dabba a ƙarƙashin rumfar dokar ɗabi'a kaɗai. A 2018 Kotun Ƙolin ƙasar ta rage faɗin sashe na 377, amma ta bar ɓangaren da ya shafi dabbobi. Sai ga shi sabon kundin da ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 2024 ya zubar da sashen ɗungurungum, bai kawo wani a madadinsa ba. Abin da ya rage wa dabba shi ne dokar hana zaluntar dabbobi ta 1960, wadda tararta ga mai laifin farko ke tsakanin rufi 10 da rufi 50. Rigimar da aka yi ta mutane ce, a kan mutane, amma da aka rushe katangar sai ta faɗo wa wadda ba a ko tuna tana jingine a jikinta ba. Ba a hango irin wannan gyara a Zamfara, amma darasin na nan: kariyar da aka ba ka saboda wani, ran da aka gama da wanin ta tafi.

Abin takaici shi ne Zamfara ba ta buƙatar aro daga Balin kafin ta yi wannan tambaya. Musulmi sun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure ba ci ba sha, da na wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare, da na raƙumin da ya zubar da hawaye a gaban Annabi (SAW) har aka kira mai shi aka yi masa faɗa a kan yunwa da yawan aiki. An saba jin waɗannan a wa'azi, sai ake ɗauka nasiha ce kawai. Malaman fiƙihu ba su tsaya a nasiha ba. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya lissafa hana masu dabbobi ɗora musu abin da ba za su iya ba cikin ayyukan muhtasibi, wato kakan 'yan Hisba na yau. Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a 1262, ya jera haƙƙoƙin dabba a kan mai ita ɗaya bayan ɗaya a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam. Mukhtasar na Khalil, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka yi ƙarnoni suna hukunci da shi, ya wajabta wa mutum ciyar da dabbarsa idan babu makiyaya, ya ce in ya ƙi a sayar da ita, haka ma in yana sa ta aikin da ya fi ƙarfinta, kuma bai halatta a tatse nonon da zai cutar da ɗanta ba. Tunanin da ke ƙarƙashin wannan ya fi hujjar izini tsayuwa da ƙafafunsa. An ba ɗan Adam damar hawa da tatsa da yanka, kowanne da sharaɗinsa, duk abin da ya fita daga wannan da'ira kuma ta'addanci ne a kan halittar da ke da haƙƙi, ko mai ita ya yafe ko bai yafe ba.

Wani zai ce a jihar da ake ɗauke mutane daga gonakinsu, inda a 2021 har sai da gwamnati ta rufe kasuwannin dabbobi aka katse layukan waya, maganar haƙƙin akuya almubazzaranci ne da lokaci. Ƙorafi ne mai nauyi. Sai dai rashin tsaron ne ma ya sa batun ya fi haɗari. Inda hanyar zuwa kotu ta zama abin tsoro, hukunci yakan koma hannun taron matasa masu sanduna, wanda ake zargi kuma sau da yawa yaro ne ɗan kiwo da bai balaga ba, ko mai taɓin hankali, ko baƙon da ba shi da mai tsaya masa. Zargi ne mai sauƙin ƙagawa, mai wuyar wankewa. Binciken likitan dabbobi, ko na malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, cikin kwana ɗaya ko biyu, yana kare dabbar yana kuma kare wanda aka yi wa ƙazafi. Ƙasar da ke da tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Ahmadu Bello ta Zariya ba ta rasa masu iya rubuta yadda za a yi wannan bincike a shafi biyu ba. Akwai kuma dalilin da ya shafi mutane kai tsaye. Tun 2016 hukumar FBI ta Amurka ta ware zaluntar dabbobi a matsayin rukuni mai zaman kansa a ƙididdigar laifuffuka, lalata da dabba na ɗaya daga cikin rassansa huɗu, saboda alaƙar da ake gani tsakaninsa da cin zarafin mutane. Ba kowane mai wannan aiki ne zai taɓa yaro ba, amma alƙalin da ya yi bulala ya sallama ba tare da ya tambayi su wa ke kwana gida ɗaya da mutumin ba ya bar rabin aikinsa.

Dattijuwar Kekun Waje, a misalin da aka kawo, tana da 'yar madafa. Sashe na 78 na Final Kod ya ba kotu ikon sa mai laifi ya biya diyya ga mutumin da laifin ya cutar, fiƙihu ma ya ɗora wa wanda ya ɓata dukiyar wani lamunin abin da ta rage na daraja. Darajar kuwa za ta ragu, domin duk da fatawar Malikiyya, mahaucin garin ba zai so a ce daga wannan akuya ya yi tsire ba, sai dai a kai ta kasuwar Tsafe ko Gusau inda ba a san labarinta ba.

Ramin da ya fi zurfi yana inda mai laifin shi ne mai dabbar. A nan babu wanda ya yi asara, babu mai neman diyya, sau da yawa ma babu mai kai ƙara sai maƙwabcin da ya leƙo ta katanga. Ko an kama shi an yi masa bulala, ko ya yi watanninsa a gidan yari na Gusau, ran da ya fito akuyar na nan ɗaure a turkensa. Hukuncin Khalil na tilasta sayar da dabbar da mai ita ke cutarwa an rubuta shi ne a babin ciyarwa, a kan yunwa da nauyin kaya, amma illar da aka gina shi a kanta ita ce cutarwa, kuma alƙalin da ke da ikon ta'aziri yana iya ƙiyasta wannan a kan wancan. Majalisar dokokin jihar ma, mai kujeru 24, tana iya rubuta shi cikin layi uku a ƙarƙashin sashen da ke akwai: a karɓe dabbar, a sayar da ita ga wani, a cire kuɗin magani daga abin da aka samu, a hana mutumin kiwo na wani wa'adi da kotu za ta yanke.